Waiwaye: Giyar motar da ta kai Ford kotu a nahiyoyi uku

Ranar 26 ga Afrilun 2018 Kotun Tarayya ta ƙasar Ostareliya ta ci tarar kamfanin Ford dalar ƙasar miliyan 10. Laifin da aka kama shi da shi ya shafi abin da ya riƙa gaya wa mutanen da suka dawo masa da sababbin motocinsu suna kuka da yadda giyar motocin ke yi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar, wadda Rod Sims ke shugabanta a lokacin, ita ta shigar da ƙarar, kuma kamfanin da bakinsa ya amsa cewa tsakanin Mayun 2015 da Fabrairun 2016 ya sha ce wa masu motocin salon tuƙinsu ne ke jawo kyarmar da suke ji, alhali ya san giyar na da matsala. Shari'ar ta daɗe da wucewa, amma ni dai har yau ban ga labarin da ya fi wannan fayyace mene ne garantin mota ba, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Motocin da ake magana a kansu ƙanana ne: Fiesta samfurin 2011 zuwa 2016 da Focus samfurin 2012 zuwa 2016, masu giyar atomatik da kamfanin ya raɗa wa suna PowerShift. A Amurka kaɗai, shari'ar da aka yi daga baya ta shafi mutum kusan miliyan 1.9 da suka saya ko suka yi hayar waɗannan motoci. Ba motocin attajirai ba ne. Ɗalibai ne suka saye su, da sababbin ma'aikata, da iyayen da suka tara 'yan kuɗi don su saya wa 'ya'yansu motar zuwa makaranta, da yawansu kuma da bashin banki. Abin da ya ja hankalinsu shi ne rashin shan mai. Bayan tsadar fetur ta 2008, lokacin da galan ɗaya ya haura dala 4 a Amurka, kamfanoni sun shiga tseren fito da motar da za ta yi mil 40 da galan guda a babban titi, wato kusan kilomita 17 da lita ɗaya. PowerShift ita ce dabarar da Ford ya shiga tseren da ita.

Sai an san yadda giyar take kafin a gane abin da ya faru. Giyar atomatik da muka saba da ita tana da wani kasko mai cike da mai tsakaninta da inji. Man da ke juyawa a ciki shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa gaba, shi ya sa tashinta ke da laushi, shi ya sa kuma take ɗan ƙara shan fetur. PowerShift ba ta da wannan kasko. Idan ka buɗe cikinta, giyar manuwal ce mai lamba shida, sai dai an sa mata kuloci biyu, an kuma bar wa kwamfuta da wasu ƙananan injinan lantarki aikin taka su. Kuloci ɗaya yana kula da lamba ɗaya, uku da biyar; ɗayan yana kula da biyu, huɗu, shida da ribas. Kana tafiya a lamba uku, lamba huɗu ta riga ta shirya tana jira, da an saki wannan kulocin sai wancan ya kama. Dabara ce mai kyau ƙwarai a takarda, kuma kamfanin Getrag na Jamus da aka haɗa gwiwa da shi wajen ƙera ta ba baƙo ba ne a wannan sana'a.

Irin wannan giya kashi biyu ce. Akwai wadda kulocinta ke nutse cikin mai, man yana sanyaya shi, akwai kuma busasshiya. Ford ya zaɓi busasshiyar, don ta fi araha, ta fi rashin nauyi, ta fi kuma tsimin fetur. Amma busasshen kuloci ba shi da abin da zai kwashe masa zafi in an shiga cunkoso, inda mota ke yin taku biyu ta tsaya, ta sake taku biyu ta tsaya. Ga shi kuma robar da ke toshe mai a jikin sandar da ta shiga giya ta riƙa yoyo, mai yana ɗiga a kan farantin da aka yi shi don ya zauna a bushe. Faranti ya kama ya zame, ya kama ya zame. Sannan ƙwaƙwalwar giyar, wadda kanikawanmu ke kira birenbos, a jikin giyar aka ɗaure ta, tana shan zafi da girgiza, har haɗin da ke cikinta ya riƙa tsinkewa.

Ga yadda mai mota ke jin abin a jikinsa. Danja ta ba ka hannu, ka ɗage ƙafa daga birki ka taɓa totur, mota ta yi jim, sai kuma ta ɗau kyarma tun daga ƙarƙashin kujera har sitiyari, kafin ta zabura gaba ta kusa dukan ta gabanka. Wannan mai sauƙin ke nan. Mai tsananin a babban titi yake faruwa: ka fito za ka wuce tirela, ka danna totur, inji ya yi ƙara, allura ta haye sama, amma tayoyi ba su samu komai ba. Giya ta koma firi da kanta. Kana tsakiyar hanya, ga 'ya'yanka a kujerar baya, ga wata motar ta taho ta bayanka a guje. Motar nan fa ko ƙamshin sabunta bai gama fita daga cikinta ba.

A nan ne ya kamata garanti ya yi aikinsa. A Amurka Ford na bayar da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000, kusan kilomita 96,000 ke nan, a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Mutane sun kai motocinsu, kuma an karɓa, ba a caje su ba. A sabunta manhajar ƙwaƙwalwar giya a miƙo maka makulli. Bayan 'yan watanni kyarma ta dawo, a wanke kuloci ko a canza shi, a canza robar. Wasu sun yi makonni suna jiran kayan gyara, saboda masu jira sun fi kayan yawa. Sai kuma a sake dawowa. A hankali mutane suka gane cewa garanti alkawarin gyara ne kawai. Bai ce za a ba ka wata motar ba, bai ce za a mayar maka da kuɗinka ba, bai kuma ce gyaran zai ɗore ba. Idan aibin a ainihin ƙirar yake, to abin da za a cire da abin da za a sa duk ɗanjuma ne da ɗanjummai. Kana kai da kawowa, kwanakin garantin na tafiya, kilomita na hawa, banki kuma bai daina karɓar kuɗinsa na wata ba ko da motar tana kwance a gareji.

A 2014 kamfanin ya tsawaita garantin kuloci da robar zuwa shekara 7 ko mil 100,000 ga motocin farko-farko, daga baya kuma na ƙwaƙwalwar giya ya kai shekara 10 ko mil 150,000. Wannan ya rage wa mutane asara, ba na musu. Amma tsawaita garanti daban, kiranye daban. Kiranye shi ne kamfani ya kira duk motocin a gyara su, ko sun nuna alama ko ba su nuna ba, kuma ana yin sa ne in an yarda aibin na barazana ga rai. Ford ya kafe a kan cewa motocin ba su da hatsari, tunda ko giya ta saki, birki da sitiyari na aiki. Ban gamsu da wannan hujja ba, kuma ba na jin duk wanda mota ta taɓa sakin ƙarfinta da shi a tsakiyar babban titi zai gamsu.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne amsar da aka riƙa tarbar mutane da ita: haka take, sabuwar fasaha ce, tuƙinka ne. A Ostareliya, hukumar ta ce kusan rabin motoci 70,000 da aka sayar an taɓa kai su gyaran giya aƙalla sau ɗaya, amma galibin waɗanda suka nemi a mayar musu da kuɗi ko a canza musu mota an hana su, sai in sun yarda su yi ciko, kimanin dalar ƙasar 7,000 ga kowane mutum, su ɗauki wata. Ta kuma yi zargin cewa motocin da aka karɓa ta wannan hanya an sake sayar da su ba tare da an gaya wa sababbin masu saye tarihinsu ba. Amsar nan ta "haka take" tana da wata illa da mutum ba ya gani nan take. Wanda aka sallama da baki ya koma gida ba a buɗe masa takardar gyara ba, don haka a idon doka bai taɓa zuwa ba.

A watan Yulin 2019 jaridar Detroit Free Press, ta garin da aka kafa Ford a cikinsa, ta buga binciken da 'yar jarida Phoebe Wall Howard ta yi bisa takardun cikin gida na kamfanin. Takardun sun nuna cewa tun 2008 lauyoyin kamfanin sun nuna damuwa a kan irin wannan giya, kuma a 2010, watanni kaɗan kafin Focus ta fito kasuwa, wani injiniya ya rubuta wa abokan aikinsa cewa sun kasa saita giyar yadda za ta tuƙu. Duk da haka aka ci gaba da ƙerawa, aka ci gaba da sayarwa. Jaridar ta ƙirga ƙorafi fiye da 4,000 da aka kai wa hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, da rahoton raunuka 50. Ford ya musanta yadda aka fassara takardun, amma a watan da ya biyo baya ya tsawaita garantin kuloci ga ƙarin motoci kusan 560,000.

To me ya taimaki waɗanda suka tsira da kuɗinsu? Doka ce, da takarda. Amurka na da dokar garanti ta tarayya, Magnuson-Moss, tun 1975, kuma tun da jihar Konetikat ta buɗe hanya a 1982 jihohi suka riƙa kafa dokokin mayar da motar da ta ƙi gyaruwa. Ta Kalifoniya, alal misali, ta ɗauka cewa idan cikin wata 18 ko mil 18,000 na farko an kai mota gyara sau huɗu a kan aibi ɗaya, ko ta yi fiye da kwana 30 a gareji, to lokaci ya yi da kamfani zai karɓi abinsa ya biya ko ya canza. Motar da aka karɓa ta wannan hanya kuma sai an rubuta hakan a takardar mallakarta, an manna alama a jikin ƙofarta, don kada a yaudari mai saye na gaba. Sau huɗu, kwana 30: lissafi ne, kuma ba a yin sa da baki.

Haka abin ya kasance a sulhun babbar shari'ar haɗaka da aka yi a Kalifoniya. An fara amincewa da shi a 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi a Satumbar 2019 don alƙalin farko bai tantance sosai ko abin da masu motoci za su samu ya kai ba, aka gyara aka tabbatar da shi a Maris ɗin 2020, Ford ya ɗauki alkawarin biyan aƙalla dala miliyan 30 tsaba. Kafin lokacin ya riga ya kashe fiye da dala miliyan 47 wajen saye motoci 2,666 daga hannun masu su. Amma kuɗin da mutum zai samu, wanda iyakarsa dala 2,325, an ɗora shi ne a kan yawan zuwan da ya yi gareji aka canza masa wani abu, tun daga zuwa na uku. Sai ka ga maƙwabta biyu masu mota iri ɗaya, sun sha wahala iri ɗaya, wanda aka buɗe wa takarda a kowane zuwa ya karɓa, wanda ya riƙa amsa "to" yana juyawa gida ya tashi a tutar babu. A Tailan ma, a 2018 wata kotu a Bankok ta umarci kamfanin ya biya masu motoci 291 diyya, sannan a 2021 kotun Ostareliya ta yanke cewa motocin ba su kai ingancin da doka ta gindaya ba.

Mu da muka tashi a zaurukan karatu, wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a ƙasar Hausa, irin su Risala da Muhtasar, sun yi magana a kan aibi a ciniki: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye da ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim game da tunkiya ko taguwar da aka ƙi tatsa kwanaki, don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Aka ba mai sayen zaɓi, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. Motar da ke tafiya lafiya lau a zagayen gwaji na minti goma, alhali wanda ya ƙera ta ya san abin da za ta yi bayan wata shida, ban ga bambancinta da wannan tunkiyar ba. Shari'a ta ba mai saye damar mayarwa, takardar garanti kuwa gyara kawai ta ba shi.

Labarin bai ƙare a can ba, domin motocin ba su ɓace ba. Ford ya daina sayar da Focus a Amurka bayan 2018, Fiesta kuma bayan 2019, na hannu suka yi araha, kuma mun san hanyar da motar Amurka mai araha ke bi: filin gwanjo, jirgin ruwa, Kwatano ko Legas, sai filayen sayar da motoci na Kano da Kaduna da Maraɗi. Tana isowa an wanke ta tana sheƙi, kuɗinta bai kai na Corolla mai shekarunta ba, dillali yana cewa, "Alhaji, wannan tsintuwa ce." Garantin kulocin nan na shekara 7 ya ƙare tuni ko ga samfurin 2016, kuma dama ba ya tsallako teku. Abin da ya rage sai kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, neman giya 'yar Beljiyam, wadda ita ma daga jikin irin wannan motar aka ciro ta. Adalci ne a faɗa cewa masu giyar manuwal ba sa cikin wannan matsala, kuma ba kowace Focus ce ke ɗauke da busasshen kulocin ba. Mai son saye ya ɗauki lambar shasi ya binciki tarihin motar, ya kuma tuƙa ta cikin cunkoso har ta yi zafi sosai, domin zagayen layi ɗaya da sanyin safiya ba ya tona asirin kuloci. Dillalin da ya hana ka wannan gwaji, ka bar masa motarsa.

Amma hankalina ya fi karkata ga masu sayen sababbi. Motocin zamani da ke shigowa yanzu da garantinsu, da yawansu giyarsu mai kuloci biyu ce ko mai bel, kuma zafin bazara na arewa, ga ƙura ga cunkoso, jarrabawa ce ga kowace giya. Ba ina cewa duk za su yi abin da PowerShift ta yi ba ne. Tsorona shi ne, in ta faru, halinmu zai iya cutar da mu fiye da giyar. Muna da kunya da kara. Mai kamfanin abokin yayanka ne, manajan gareji kuna sallah a masallaci ɗaya, sai ka ga neman takarda kamar tuhuma ce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haka irinsu suke, ba ta saba da ƙafarka ba ne, a ƙara mata lokaci," ka ce Allah Ya sawwaƙe, ka karɓi makulli. Wani kuma, don gudun dogon jira, sai ya kai wa bakaniken unguwa ya buɗe giyar, alhali galibin takardun garanti a nan sun gindaya cewa a garejin dillali kaɗai za a taɓa motar, a kuma yi mata sabis a kan lokaci. Ranar da giya ta zube gaba ɗaya, da wannan za a kafa masa hujja.

Amsar da ta dace a wurin ba ta da zafi, ba kuma rashin kunya ba ce: "Na ji, Malam. To a rubuta mini abin da na zo da shi, da abin da kuka gani, da kwanan wata, da kilomitar da ke jikin mota, a sa hannu a buga hatimi." Ko da abin da za su rubuta shi ne ba su ga komai ba, takardar ta tabbatar da cewa ranar kaza ka kawo kukan giya motar tana cikin garanti. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu mai ce maka neman rubutu rashin yarda ne.

Doka ma akwai ta a Najeriya. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC da kotunta ta musamman, kuma ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, a canza ko a mayar masa da kuɗi. Rubutun "ba a mayar da kaya" a jikin rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Sai dai wata uku kaɗan ne ga mota, kuma ba mu da doka ta musamman mai irin lissafin nan na sau huɗu ko kwana 30 da zai tilasta wa kamfani karɓar motar da ta ƙi gyaruwa. Wannan giɓi ne da ya kamata 'yan majalisar tarayya su cike.

Kafin a kai ga haka, wanda giyar sabuwar motarsa ta fara kyarma ya kai ta a makon da ta fara, kada ya jira ta saba da ƙafarsa. Ya ɗauki bidiyon abin da take yi da wayarsa, ya karɓi takarda a kowane zuwa, in kuma aka hana shi takardar, ya rubuta ƙorafinsa ga FCCPC tun wata ukun ba su cika ba.